Yadda Za Ka Zaɓi Kwas da Makaranta Bayan WASSCE: Shawara ga 'Ya'yan Zangon Kumasi

Duk shekarar da WAEC ta saki sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ƙofar ɗakina a Aboabo ba ta rabuwa da takalma har sati uku. Yaro ya shigo da takarda a ninke cikin aljihu, yarinya ta zo mahaifiyarta na biye da ita, kowa da tambaya ɗaya: “Ticha, wane kwas zan cika?” Na daɗe ina koyarwa a sakandare a nan Kumasi, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancinsu sun riga sun sayi fom kafin su zo. Wani ma ya cika ya tura, so yake kawai a ce masa ya yi daidai. An gama aski, sannan ake tambayar wane iri ne zai dace da kan.

Sayen fom shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Kafin shi akwai takardarka, akwai aikin da kake hari, akwai aljihun gidanku, sannan makarantar. Ga yadda nake bi da waɗanda suka zo mini a kan kari. Da maza da mata nake, ko da kun ji na fi cewa “ka”.

Da farko, lissafa agiriget ɗinka da hannunka

Kada ka bar wa yaron kafe wannan aikin, kuma kada ka ɗauki lissafin abokinka. Ɗauki biro da takarda. A1 maki 1 ne, B2 maki 2, B3 maki 3, C4 maki 4, C5 maki 5, C6 maki 6. Darussa shida ake haɗawa: uku daga na dole, uku daga ilektif ɗinka, wato darussan zaɓi, da ka fi ci. A na dole Ingilishi da lissafi ba sa fita, na ukun kuwa ko kimiyya ko soshal, gwargwadon kwas ɗin da makarantar. Ƙaramin adadi shi ne mai kyau, kuma 6 ce ƙololuwa.

Misali, yarinyar da ta yi Janar At ta samu B3 a Ingilishi, C6 a lissafi, B2 a soshal, C5 a kimiyya, ilektif ɗinta uku mafi kyau kuma A1, B2 da B3. In makarantar da take nema soshal take lissafawa, agiriget ɗinta 17 ne. In kimiyya take lissafawa, ya zama 20. Takarda ɗaya, lamba biyu, kuma tsakanin 17 da 20 akwai kwasa-kwasai da yawa da ƙofarsu ke rufewa. Wasu jami'o'in kuma C4 da C5 da C6 duk maki 4 suke ɗaukarsu. Shi ya sa za ka buɗe shafin kowace makaranta ka karanta yadda ita take nata lissafin, ka yi naka a kai.

Jami'o'in gwamnati ba sa ɗaukar D7 a cikin shidan nan in digiri kake nema. Ko kana da A1 biyar, D7 ɗaya a lissafi ya tare hanya. Lissafin nan kuwa shi ya fi kayar da yaranmu. In haka ta same ka, hanya biyu ce: ko ka sake zama jarrabawar masu zaman kansu da muke ce wa NOVDEC, ko ka duba kwasa-kwasan HND da difloma, domin wasunsu na karɓar D7 a wasu darussa. In darasi ɗaya ko biyu ne suka ba ka matsala, ni dai shawarata ka sake zama. Ana haɗa sakamakon zama biyu a fom, kuma shekara ɗaya ba komai ba ce a kan aikin da za ka yi shekara talatin kana yi. Amma ka shiga rimediyal na gaske, ka bar ƙwallon yamma da zaman bakin titi na 'yan watanni. Na ga wanda ya zauna NOVDEC sau uku da shiri iri ɗaya, ya kuma samo sakamako iri ɗaya.

Na biyu, duba ƙofofin da ilektif ɗinka suka buɗe da waɗanda suka rufe

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai yana da ɗaci. Zaɓin fannin da aka yi maka bayan BECE, jarrabawar shiga sakandare, yana biye da kai. Likitanci da haɗa magunguna na masu bayoloji da kemistiri ne, tare da fiziks ko ilektif na lissafi. Injiniyanci da kimiyyar kwamfuta kusan duk suna neman ilektif na lissafi. Wanda ya yi bizines ko Janar At ba zai shiga ajin likita ba, ko da 6 ya samu. A ɗaya gefen kuma, makarantun horar da nas suna ɗaukar 'yan Janar At da 'yan Hom Ikonomiks, ba 'yan kimiyya kaɗai ba, kuma yara da yawa ba su san haka ba. Rubuta kwasa-kwasan da takardarka ta isa nema, ka soke sauran. Abin da ya rage a kan takardar, a cikinsa za mu yi magana.

Na uku, je ka ga aikin da idonka

Nan ne nake son ka fi daɗewa, domin nan ne ake tsallakewa. Yaro zai ce yana son lauya saboda ya ga baƙar riga da farin gashi a talabijin. Yarinya za ta ce nas, in ka matsa da tambaya sai ka tarar alawus ne da farar riga. Uba kuma so yake a ce ɗan Alhaji likita ne. Babu laifi a buri, amma ko ɗaya cikinsu bai taɓa wuni a inda ake aikin ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Zaɓi aiki biyu ko uku daga cikin waɗanda suka rage maka, ka nemi mai yin kowanne. Ba sai ka yi nisa ba: a masallacin unguwarku akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin banki, akwai wanda ke aiki a asibitin Komfo Anokye. Sa babba ya yi maka iso, ka roƙi a bar ka ka wuni tare da shi, ko aƙalla ku zauna awa ɗaya. Mutanenmu ba sa son a tambaye su nawa ne albashi, don haka kada ka fara da wannan. Tambaye shi ƙarfe nawa yake fita, ƙarfe nawa yake dawowa. Bayan ya gama karatu, wata nawa ko shekara nawa ya zauna kafin albashin farko ya shigo. Wace jarrabawa ce ke jiran mutum bayan digirin. Abokan karatunsa yanzu ina suke. Da za a mayar da shi baya, zai sake zaɓar wannan hanyar?

Wata yarinya a layinmu ta shekara biyu tana cewa ungozoma za ta zama. Na sa mahaifiyarta ta haɗa ta da wata ƙanwar babanta da ke aikin a wani ƙaramin asibiti, ta bi ta aikin dare sau ɗaya. Washegari da hantsi ta shigo, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba, ta ce, “Ticha, wallahi jinin nan ba zan iya ba. Tun ƙarfe biyu nake waje a kan benci.” Kwalejin horar da malamai ta tafi, kuma tana jin daɗinta. Ƙawarta da ta bi wannan hanyar ta dawo tana ba da labarin haihuwar da ta gani kamar an yi mata albishir da Makka. Ita ce ta cika fom ɗin ungozoma. Dare ɗaya ya raba musu gardamar da muka yi wata shida muna yi.

Abu na biyu da wannan ziyarar za ta nuna maka shi ne tsawon hanyar, domin takardar digiri ba ita ce ƙarshe ba a yawancin ayyukan da muke sha'awa. Likita shekara shida yake a makaranta, sannan shekara biyu na aikin koyo a asibiti kafin ya tsaya da ƙafarsa. Haɗa magunguna a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da muke ce wa Tek, shi ma shekara shida ne. Nas da ungozoma sai sun ci jarrabawar lasisi ta hukumarsu, su yi shekarar bautar ƙasa, sannan su jira gwamnati ta ba da izinin ɗauka. Wannan jiran kan kai shekaru, kuma a kowane zango akwai nas da ke sayar da kaya a WhatsApp tana jiran fostin. Malami, tun 2018, digiri na shekara huɗu yake yi a kwaleji, kuma sai ya samu lasisin koyarwa. Digirin shari'a shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya, akwai horon ƙwarewa da kira zuwa aikin a bayansa, kuma an shafe shekaru ana cunkoso a ƙofar makarantar lauyoyi ta Makola. Mai karanta akanta, in yana son a kira shi cikakken akanta, jarrabawar ICAG, hukumar ƙwararrun akantoci, na gabansa. Kusan kowa kuma sai ya yi shekara ɗaya ta bautar ƙasa.

Ba don in kashe maka gwiwa na jero waɗannan ba. So nake ka ƙirga shekarun, ka ɗora a kan shekarunka na yanzu, ka ɗora a kan shekarun mahaifinka, sannan ka ce na yarda.

Ina da ra'ayi a nan da wasu iyaye ba sa so. Mu 'yan Kumasi muna zaune kusa da Suame Magazin, matattarar makanikai, amma muna raina aikin hannu. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce a cikinsu, kuma tsohon makanike da ya shekara talatin yana gane ciwon inji da kunne yakan aika a kira yaron da ke da na'urar bincike. Yaron da ya tashi a garejin babansa, ya je jami'ar fasaha ya karanta injiniyancin mota ko lantarki, ya dawo da hannu da takarda, ba ya cikin masu yawo da ambulan daga ofis zuwa ofis a Adum. Haka mai haɗa sola, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mai ɗinki da ta karanta zanen tufafi. Tun 2016 aka fara mayar da politeknik jami'o'in fasaha, suna ba da HND da digiri na B.Tech, kuma ta Kumasi tana nan a tsakiyar gari, tafiyar ƙafa ce daga wasu unguwanninmu.

Na huɗu, zauna da masu biya, a yi lissafin shekara huɗu

Lissafin shekarar farko yaudara ne. Ranar da takardar shiga ta fito kowa murna yake, kawu ya ba da nasa, gwaggo ta Accra ta turo MoMo, Mma ta ɗauki adashinta. Shekara ta uku ita ce ke nuna gaskiya, lokacin da murna ta lafa, ƙanenka kuma ya gama sakandare shi ma.

Samu lokacin da hankalin Baba ke kwance, bayan isha'i, ba da safe yana shirin fita Kejetia ba. Ku rubuta komai: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, mota, data, littattafai, laftof, da kayan aiki in kwas ɗin na zane ne ko na gini. Ɗaki shi ne ke karya mutane. A KNUST 'yan shekarar farko ake fifitawa a ɗakunan cikin makaranta, su Unity da Republic da Queens da Africa. Daga shekara ta biyu yawanci sai hostal a Ayeduase, Kotei, Bomso ko Ayigya, inda ake biyan na shekara gaba ɗaya, kuma sau da yawa ya fi kuɗin karatun kansa.

Wani Alhaji mai sayar da goro ya taɓa kawo mini ɗansa. Makinsa bai kai a ɗauke shi a sahun da gwamnati ke tallafa wa ba, sai a sahun masu biyan cikakken kuɗi. Na ce, “Alhaji, shekara huɗu ce fa. In kasuwa ta yi sanyi a ta uku?” Ya ce, “Malam, Allah zai kawo.” Na ce, “Haka ne, Alhaji, amma ai an ce a ɗaure raƙumin tukuna.” Ya yi dariya, ya ciro ƙaramin littafin da yake rubuta bashin kwastomomi, muka yi lissafin a bayansa. Da ya ga jimillar sai ya cire hula ya shafa kai. Yaron ya canza zuwa wani kwas da makinsa ya isa a sahun talakawa, kuma ya gama ba a taɓa koro shi daga ɗakin jarrabawa don bashi ba.

Ɗan Aboabo ko Asawase ko Sawaba yana da wata gata da ɗan Wa ko Bawku ba shi da ita: zai iya kwana a gida ya hau motar haya ta torotoro zuwa Tek Janshin. Wannan na rage kuɗi sosai. Amma a faɗi gaskiya, gidan haya mai ɗaki goma da yara ashirin ba wurin karatu ba ne, kuma muddin kana gida kai ne ɗan aike. Ga 'yan mata abin ya fi nauyi, domin tukunya ba ta san ana jarrabawa ba. In gida za ki zauna, a yi maganar tun yanzu a gaban Mma: waɗanne ranaku ne ba naki ba ne a murhu, kuma ƙarfe nawa aka yarda ki dawo daga laburare. In kuma akwai maganar aure a ƙasa, a fito da ita fili kafin a biya kuɗi, a ji bakin mai neman, a gaban manya, cewa karatu zai ci gaba.

Sai tallafi. A 2025 gwamnatin John Mahama ta fara biya wa sabbin ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin karatun shekarar farko. Taimako ne babba, amma na shekarar farko ne, kuma ba ya ɗaukar ɗaki da abinci. Akwai asusun bashin ɗalibai, SLTF, wanda yanzu da Ghana Card ake nema ba sai da mai tsaya maka ba. Bashi ne, za ka biya in ka fara aiki. Akwai ofishin sikolashif na gwamnati, akwai GETFund, asusun ilimi na gwamnati, akwai shirin Mastercard Foundation a KNUST na masu ƙoƙari marasa hali, akwai asusun ilimi na Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Ka kuma leƙa ofishin ɗan majalisarku da na asambile. Kowanne da lokacinsa da takardun da yake nema, kuma wanda ya makara ba ya samu. Kwalejojin malamai da na nas suna da alawus, shi ya sa suke jan talaka, sai dai yakan yi jinkiri, don haka kada a gina tukunyar gida a kansa.

Na biyar, yanzu ka zaɓi makarantar

Yaranmu suna biyu suka sani, Tek da Legon, wato Jami'ar Ghana ta Accra. Duka biyun manya ne: Legon tun 1948, KNUST kuma ta fara a matsayin kwalejin fasaha a farkon shekarun 1950. Amma saboda kowa can yake nufa, makin shigarsu ya fi tsauri, kuma an sha ba yaro kwas ɗin da bai taɓa mafarki ba, ya karɓa don dai a ce yana Tek. Shekara huɗu yana karanta abin da ba ya so, domin suna.

Bi kwas ɗin, ka ga inda ya fi ƙarfi. Mai son haƙar ma'adinai ya duba UMaT a Tarkwa. Mai son fannin lafiya ya duba UHAS a Ho da UDS a Tamale. Ita UDS tana da wani tsari na tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da mutane a zango na uku na shekara, kuma waɗanda suka yi shi sukan dawo da wayon da aji ba ya bayarwa. Koyarwa, Cape Coast da Winneba, da jami'ar nan ta Tanoso da aka sani da AAMUSTED ga mai son koyar da fasaha da sana'a. Akanta da kasuwanci, UPSA a Accra. Makamashi da albarkatun ƙasa, UENR a Sunyani. Kwalejojin malamai na gwamnati sun fi arba'in a ƙasar, akwai Wesley da St. Louis a cikin Kumasi, akwai ta Offinso, akwai Al-Faruq a Wenchi wadda ta Musulunci ce.

Ga wanda ya yi nisa a makarantar allo da Islamiyya, hankalinsa na Madina ko Azhar, ina da magana ɗaya. Je ka, Allah ya ba da sa'a, amma ka tafi da WASSCE mai kyau a hannu. Malamai nawa ne suka dawo da ilimi kamar teku, aikin gwamnati ya gagara saboda babu Ingilishi da lissafi a takarda? Ana karanta Larabci a Legon, kuma makarantun sashen ilimin Musulunci na GES, hukumar ilimi ta Ghana, suna buƙatar malaman da suka haɗa biyun.

Makarantu masu zaman kansu akwai nagari, akwai na cin kuɗi. Kafin ka biya ko sidi ɗaya, shiga shafin GTEC, hukumar da ke kula da manyan makarantu tun 2020, ka tabbatar an amince da makarantar, an kuma amince da kwas ɗin kansa. Biyun daban ne: makaranta na iya zama da izini, sabon kwas ɗin da ta buɗe ba shi da shi. In na lafiya ne, tambayi ko ɗalibansu na zama jarrabawar lasisi. Haka masu zuwa waje karatun likita ta hannun ejan: in ka dawo sai ka ci jarrabawar hukumar likitoci ta Ghana kafin ka taɓa mara lafiya, kuma mun ga yadda yaƙin Yukiren a 2022 ya dawo da ɗalibai gida karatu a rabi.

In ka rage makarantu zuwa biyu ko uku, nemi ɗalibin da ke ciki. Kusan kowace babbar makaranta akwai reshen GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kuma su ne za su gaya maka abin da ba a rubuta a shafin makaranta ba: ina masallaci, yaya ake da lakcar da ta faɗo lokacin Juma'a, yaya ake ɗaukar hijabi a aji da wurin aikin koyo, ana samun ruwa a hostal ko sai an sayi na jarka.

Na shida, cika fom

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'i da yawa na buɗe fom tun kafin sakamako ya fito, kuma suna yarda mai jiran sakamako ya nema. In kana da tabbacin abin da ka rubuta, nema da wuri ya fi. Kowace jami'a da fom ɗinta. Kwalejojin malamai fom ɗaya suke da shi, makarantun nas na gwamnati su ma ɗaya ta hannun ma'aikatar lafiya, kuma su akwai intabiyu. In aljihu ya yarda, sayi biyu daga gida daban-daban, misali jami'a ɗaya da kwaleji ɗaya, kada duk ƙwanka su zauna a hannun mutum ɗaya.

Sayi baucar a inda makarantar ta ambata a shafinta, banki ko gidan waya ko lambar da ake dannawa a biya da MoMo. Za a ba ka lamba da PIN. Ɗauki hotonsu, ka kuma rubuta a littafi.

Daga nan sai ƙananan abubuwan da ke jawo babban kuka. Sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba na mai kafe ba, domin ta nan saƙon shiga zai zo. Wani yaro a unguwarmu an ɗauke shi, saƙon ya tafi wayar wanda ya cika masa fom, bai ji ba sai da wa'adin biya ya wuce. Duba lambar jarrabawarka da shekarar zama sau biyu. Sannan suna, wanda shi ne ciwonmu mu Musulmi. A takardar WAEC kai Mohammed ne, a Ghana Card Muhammed, a takardar haihuwa Mahamadu. A nan Abdul Rahman kalma biyu, a can Abdulrahman a haɗe. Ga 'yan mata Aisha da Ayishetu, Zainab da Zenabu. Ranar haihuwa ma takan sha bamban, saboda wani malami ya ƙirƙira maka ita a firamare. Cika fom da sunan da ke kan takardar WAEC harafi da harafi, sannan ka je a yi maka takardar rantsuwa, in ta kama a buga a gazet, tun kafin ranar rajista.

Wajen jera kwasa-kwasai, nemo makin da aka tsaya a kai bara. Makarantu da yawa na wallafa shi. Yana motsawa kowace shekara, amma ba ya tsalle mai nisa. Zaɓin farko ya zama wanda kake so kuma makinka ya kai ko ya yi kusa. Na biyu wanda ka wuce makinsa da tazara. Na uku wanda ka tabbata za a ba ka kuma za ka iya zama da shi. Mai agiriget 15 da ya sa likitanci a farko, haɗa magunguna a na biyu, ya zubar da zaɓi biyu a kwata, domin waɗannan na masu 6 ne da abin da ya yi kusa da ita. Akwai kuma akwatin da ake tambaya ko ka yarda a ɗauke ka a sahun masu biyan cikakken kuɗi. Kada ka danna shi sai in lissafin da kuka yi da Baba ya ɗauka.

Kafin ka tura, ba wani babba ya karanta. Bayan ka tura, buga kwafi biyu.

Lokacin nan ne 'yan furotokol ke fitowa. Wani zai ce yana da mutum a ciki, kawo kaza a sa sunanka. Irinsu ne ke yawo lokacin ɗaukar 'yan sanda da soja da imigireshin. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin shiga makaranta zuwa lambar MoMo ta mutum, ɓarawo ne, ko da a sahun farko yake sallah. Takardar shiga daga shafin makarantar ake buga ta, kuma a jikinta aka rubuta bankin da asusun da za a biya.

In shekarar ta wuce ba a ɗauke ka ba, akwai karatu daga nesa a Cape Coast da KNUST da Legon, wanda ake haɗawa da aiki ko kasuwa. Wanda ya kai shekara 25 kuma yana iya shiga ta ƙofar manya, da jarrabawar shiga ta musamman.

In takardar ta fito

Karanta ta har ƙasa kafin a fara kiran dangi. Duba kwas ɗin da aka ba ka, domin ba lallai ne zaɓinka na farko ba. Duba wane sahu aka sa ka, da ranar ƙarshe ta biya. Ɗakin cikin makaranta a intanet ake kama shi kuma cikin ɗan lokaci yake ƙarewa, don haka ranar da za a buɗe ka kasance da data da caji. In kana son canza kwas, tambaya a makon farko, kada ka bari sai an yi nisa.

Ka kuma san cewa makin zangon farko yana cikin lissafin digirinka har ƙarshe. A KNUST matsakaicin makinka na duk shekarun ake dubawa, 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, kuma wanda ya yi wasa a shekarar farko yakan shafe sauran ukun yana cike rami.

Takardunka kuwa, sakamakon WASSCE da na BECE, takardar haihuwa, takardar rantsuwa, takardar shiga da rasit ɗin banki, yi musu hoto ka tura wa kanka a imel, ka yi kwafi uku-uku ka tafi da su cikin fayil. Na ainihin, in an gama rajista, kawo su gida ka ba Mma ta sa a ƙasan akwatinta, wajen atamfofin da ba a ɗinka ba. Za a sake nemansu ranar neman sikolashif, da ranar ɗaukar aiki.